Tsuntsuwar da ke Haya a Lambunan Shikago

Duk watan Afrilu, idan sanyi ya fara sassautawa a birnin Shikago na Amurka, akan ga 'yan sa-kai a lambun shaƙatawa na Montrose, bakin Tafkin Mishigan, suna gyara wasu fararen ɗakuna da ke kan dogayen sandunan ƙarfe. Baƙi suke jira daga Barazil. Baƙin kuwa su ne matin, tsattsewar da ta fi kowace girma a Arewacin Amurka. Tsawonta ya kai santimita 20, namijin baƙi ne wuluk, amma da rana ta haska shi sai ya ɗau sheƙi kamar rinin shuni.

Abin mamaki game da ita shi ne, a gabashin nahiyar kusan ta daina sheƙa a kogon itace. Sai fa ɗakin da ɗan Adam ya tanadar mata. Wannan zumunci ya daɗe. Tun kafin Turawa su cika ƙasar, ƙabilun Cokto da Cikaso kan fafe gora su rataye a kusa da bukkokinsu don ta shiga. Dumansu kuwa jinsi ɗaya ne da wanda ake shukawa a ƙasar Hausa. Har gobe masu kula da ita na rataye gora, na gaske ko na roba, suna kuma kiran kansu masu gidan haya.

Sai dai 'yar hayar tana da zaɓe. Tana son fili sarari inda za ta yi shawagi, don haka ake nisanta ɗakin da manyan itatuwa da aƙalla mita 12, a ɗaga shi sama kamar mita 4 zuwa 6. Itace kusa maɓoyar shaho ce da mujiya. Amma hayaniyar mutane ba ta dame ta ba, ta ma fi sakin jiki kusa da su. Shi ya sa lambun birni mai fili da ruwa yake dacewa da ita.

Jawo ta sabon wuri aiki ne na haƙuri. Tsofaffin tsuntsaye kan koma inda suka yi ƙyanƙyasa bara, saboda haka 'yan shekara ɗaya ake zawarci. Akan kunna musu sautin kukan da mazan ke rerawa da asuba, a kuma kafa tsuntsayen roba, don su zaci unguwar ta riga ta cika. Wani kan yi shekaru bai samu ko ɗaya ba.

Babbar barazana daga baƙin haure take. An kawo gwaran Turai birnin Niyok a farkon shekarun 1850, aka saki tsuntsun sitalin a can a 1890. Dukansu kan ƙwace ɗaki, su fasa ƙwai, sitalin har kashe mai ɗakin yake yi. Maganin da aka samo shi ne ƙofa mai siffar jinjirin wata, tsayinta santimita 3: matin na kutsawa, sitalin kuwa ƙirjinsa ya hana shi. A jikin sanda kuma ana sa kariya don kada maciji ya hau.

Ba a nan aikin ya tsaya ba. Ana sauke ɗakunan da igiya duk bayan 'yan kwanaki, a ƙirga ƙwai, a duba 'ya'ya, a rubuta. Macen kan yi ƙwai 3 zuwa 6, ta kwanta a kai fiye da mako biyu, 'ya'yan kuma su tashi bayan kimanin wata guda. Ƙungiyar kare matin da aka kafa a 1987, mai mazauni a garin Iri na jihar Fensilbaniya, tana tattara irin waɗannan bayanai. Takan kuma gyara wani kuskure da ya yaɗu, cewa sauro ne abincin tsuntsuwar. Can sama take farauta da rana, tana cafke zanzaro da ƙudaje da tururuwa masu fiffike, inda sauro ba ya kaiwa.

A 2009 masu bincike, ƙarƙashin Bridget Stutchbury, suka bayyana cewa wata matin da aka maƙala wa 'yar na'ura ta taso daga Barazil zuwa Fensilbaniya cikin kwana 13 kacal. A watan Agusta garken kan taru dubbai su kama hanyar kudu, 'yan sa-kai kuma su sauke ɗakunan, su wanke, su toshe ƙofofin har bazara ta zagayo.