Yadda Na Sa wa Ƙaramar Kwamfutar Wasa Katin Sauti

Waɗanda su ka halarci taron Ƙungiyar Kimiyya a babban ɗakin taro sun ga 'yar na'urar da mu ka ɗora bisa tebur, wadda girmanta bai wuce na katin cire kuɗi a banki ba. Tun daga ran nan ɗalibai su ke tare ni a hanya suna tambaya, wai yaya aka yi abu ƙanƙane haka ya cika ɗaki da kiɗa. To, ga amsa, domin wanda ya ke so ya gwada da hannunsa.

Sunan na'urar Raspberry Pi. Mutanen Kambirij ta ƙasar Ingila su ka ƙago ta domin koya wa yara aikin kwamfuta, aka fara sayar da ita cikin 2012. In an sa mata wani tsari da a ke kira RetroPie, sai ta riƙa kwaikwayon injunan wasa na dā, irin su Famicom da kamfanin Nintendo ya fitar a Japan cikin 1983, da Mega Drive na Sega na 1988. Tamu irin ta uku ce, watau Raspberry Pi 3.

Abin da ya kai ni ga wannan aiki kuwa shi ne, saura kwana uku a yi taro mu ka haɗa ta da majigin makaranta. Hoto ya fito tangaran, amma majigin tsoho ne, ba shi da lasifika. Sai mu ka ja waya daga ɗan ramin sauti na jikin na'urar zuwa amfilifayar ɗakin taro. Da aka ƙara murya sai ga wani shuuu kamar ana ruwan sama bisa kwano, yana bin kiɗan. Ga shi an riga an aika wa makarantun firamare na kewaye su kawo yara.

Dalilin wannan shuuu ba wuya a gane shi. Sauti a cikin kwamfuta lambobi ne kurum, lasifika kuwa ba ta san lamba ba, wutar da ke hawa da sauka ta sani. Saboda haka dole a sami tafinta tsakaninsu, wanda zai karanta lamba 44,100 ko 48,000 cikin kowace daƙiƙa, ya mai da su wuta. Domin na'urar ta yi araha, masu ƙera ta ba su sa mata tafinta na musamman ba. Dabarar da su ka yi ita ce kunna wuta da kashe ta da sauri ƙwarai, sa'an nan a tace. A abin sa wa a kunne wannan ya isa, amma amfilifaya ba ta zaɓe, da kiɗan da hayaniyar duk ta ke ƙarawa. Wasu irin ma, kamar Raspberry Pi Zero ta 2015 da Raspberry Pi 5 ta 2023, ba su da ramin ko kaɗan.

Maganin abin shi ne katin sauti na waje. Ɗan abu ne kamar filashi, a na cusa shi a kafar USB, yana da rami biyu: na lasifika, wanda galibi kore ne, da na makirfo. Shi ne tafintan. Amma ku lura, cusa shi kaɗai ba ya sa ya yi magana. Na'urar yanzu tana da baki fiye da ɗaya, ita kuwa ba ta san wanda ka ke so ba sai ka gaya mata. Duk aikin ke nan, ga kuma yadda a ke yinsa.

Da fari, ka kashe na'urar, ka cusa katin, ka haɗa kibod, sa'an nan ka kunna. In jerin wasanni ya bayyana, ka danna F4, za ka ga baƙin allo inda a ke rubuta umurni. Ka rubuta:

lsusb

Za ta jero abubuwan da ke maƙale a kafofin USB. In ba ka ga katin a ciki ba, kada ka ci gaba, sake masa kafa tukuna.

Na biyu, ka tambaye ta bakunan da ta ke da su:

aplay -l

Kowane kati da lambarsa, kuma daga sifiri a ke fara ƙirga. A tamu na cikin gida shi ne 0, baƙon kuwa 1. Taka tana iya nuna 2 ko 3, saboda haka kada ka kwafi tawa ido rufe. Rubuta lambar a takarda.

Na uku, ka gaya mata wanda ka zaɓa. Buɗe wannan fayil:

nano /home/pi/.asoundrc

In ka tarar da rubutu a ciki ka share, ka sa layi biyun nan, da lambar taka a ƙarshe:

defaults.pcm.card 1
defaults.ctl.card 1

Ka danna Ctrl da O, ka danna Enter domin ta ajiye, sa'an nan Ctrl da X ka fita.

Na huɗu, gwaji:

speaker-test -c2 -t wav

In abin ya yi, za ka ji murya tana faɗin hagu da dama da Turanci, tana fita daga lasifika ɗaya zuwa ɗayar. Ctrl da C ke tsai da ita.

A nan ni na sha wuya. Na yi duk wannan daidai, amma tsit ka ke ji. Na sake waya, na sake kafa, har na fara zargin mai kantin da ya sayar mini. Wani ɗalibi na aji biyu da ke tsaye a bayana ya ce, "Malam, ko dai an toshe masa baki ne?" Ashe gaskiyarsa. Mu ka rubuta alsamixer, mu ka danna F6 mu ka zaɓi katin, sai ga MM a ƙarƙashin ma'aunin murya, alamar an kashe ta ke nan. Danna M sau ɗaya ya buɗe ta, kibiyar sama ta ƙara ta. Kada ka kai ta maƙura, domin kiɗan ya kan fashe. Ka fita da Esc, ka rubuta sudo alsactl store domin kada ta manta.

Saura abu ɗaya. Ka duba sunan da ke ƙarƙashin ma'aunin nan, ko Speaker ko PCM. In ka sake kunna na'urar, ka shiga wurin gyaran sauti a allon wasanni, ka zaɓi wannan sunan. In sun saɓa, ba za ka iya ƙara murya ko rage ta daga nan ba.

Gargaɗi biyu zan yi. Na ɗaya, lambar kati tana iya sauyawa. Da safiyar taro wani ya kawo madannin wasa nasa mai ramin abin sa wa a kunne, ya cusa kafin a kunna. Na'urar ta ɗauke shi a matsayin katin sauti, ta ba shi 1, namu ya koma 2, ɗaki ya sake yin tsit, ga yara sun fara shigowa. Da na rubuta aplay -l nan da nan na ga ɓarawon. Mu ka zare shi, mu ka sake kunnawa, murya ta komo. Na biyu, wuta. Raspberry Pi 3 tana bukatar caja mai bolt 5 da amfiya 2.5, katin kuwa daga jikinta ya ke sha. Cajar waya marar ƙarfi ta kan sa sauti ya riƙa yankewa.

Aka yi taro lafiya. Da kiɗan Super Mario Bros., wasan 1985, ya tashi garau daga lasifikokin bango, har malaman da su ka rako yara sai da su ka matso gaba, don wasu sun yi shi suna ƙanana.

'Yan'uwa masu shirin zama malamai, abin da na ƙaru da shi shi ne bin abu daki-daki: ta ga katin, ta ba shi lamba, an zaɓe shi, bakinsa a buɗe ya ke? Sa'ad da na bar wannan tsari na shiga sauye-sauye barkatai, yini guda na ɓata a banza. Na'urar tana ɗakin kimiyya, kibod na kusa da ita. Duk mai son gwadawa ya same ni ran Laraba bayan la'asar, ya zo da takarda da fensir.