Hannu Biyu, Jita Biyar

A watan Yunin 2019 makaɗin nan ɗan Ingila, David Gilmour, ya kai jitocinsa sama da 120 gidan gwanjon Christie's da ke birnin Niyok. Aka saye su a kan dala miliyan 21 da rabi, shi kuma ya sadaukar da kuɗin ga wata ƙungiyar kare muhalli. A cikinsu akwai wata ta katako zalla, ƙirar Martin D-35 ta 1969, wadda ita kaɗai ta haura dala miliyan ɗaya. Wanda duk ya ji labarin zai ce, to mutum mai hannu biyu me zai yi da jita ɗari?

Ɗari kam ta yi yawa, ko a wurin masu abin. Amma uku ko biyar a ɗaki ɗaya ba almubazzaranci ba ne, muddin mai su ya san dalilin da ya sa kowacce ta shigo gidansa. Jitar katako, wato wadda ba a jona wa lantarki, daga jikinta muryarta ke fita. Tsirkiya ita kaɗai ba ta da wani amo. Girgizarta ce ke bi ta kan ɗan katakon da ya tokare ta, irin wanda makaɗan garaya ke kira jaki, ta shiga allon fuskar jitar, shi kuma ya kaɗa iskar da ke ciki da waje. Saboda haka da zarar an sauya itace, ko girman ciki, ko irin tsirkiya, murya ta sauya.

Wanda ya fi kowa nuna muhimmancin wannan allo shi ne Antonio de Torres, masassaƙin jita ɗan ƙasar Sifen, wanda ya rasu a 1892. A 1862 ya haɗa wata jita da ya yi wa fuska da itace mai kyau, baya da gefe kuwa da kwali. Ta yi amo. Tana nan ajiye a gidan adana kayan kiɗa na Barselona. Wannan ne ya sa masu tara jita, kafin su dubi ƙyalli da ado, suke fara tambaya: fuskar nan gundarin katako ce, ko falle-falle ne aka manne da gam? Gundarin katako ya fi sakin murya, kuma akasarin makaɗa sun yarda cewa yana ƙara daɗi da shekaru. Mai falle-falle yadda ka saye ta haka za ta tsufa.

Rabuwar farko a kowane tarin jita ita ce ta tsirkiya. Akwai zuriyar Torres, masu tsirkiya mai laushi. Da can da hanjin dabba ake murɗa ta, sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka koma nailan, ta hannun Albert Augustine da gwanin makaɗi Andrés Segovia. Muryarsu a sanyaye take, wuyansu da faɗi, da yatsu ake kaɗa su. Akwai kuma masu tsirkiyar ƙarfe, waɗanda suka bunƙasa a Amurka, masu kaifin amo da ke ratsa hayaniya. Tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan jikin jita da nauyin da ya kai wajen kilo 70, na nailan kuwa wajen kilo 40. Shi ya sa haƙarƙarin da ake mannawa a bayan allon fuska ya bambanta: na Torres a baje yake kamar mafici, na kamfanin Martin a gicciye. Kada wanda ya kuskura ya ɗaura tsirkiyar ƙarfe a jitar nailan don neman ƙara. Jakin zai ɗago, wuya ya lanƙwashe, a yi ba wan ba ƙanen.

Shi kamfanin Martin wani Bajamushe ne, Christian Frederick Martin, ya kafa shi a Niyok a 1833, daga baya ya koma garin Nazareth na jihar Pennsylvania, inda kamfanin yake har yau. Su ne suka fito da jita mai faffaɗan ƙirji da aka laƙaba wa Dreadnought, sunan wani ƙaton jirgin ruwan yaƙin Ingila na 1906. Sun fara yin ta a 1916 don wani kamfanin dillanci, suka sa mata sunansu a 1931. Yau in ka ce wa yaro ya zana jita, mai yiwuwa siffarta zai zana.

A nan ne gardamar masu tara jita ta fi daɗi. Martin D-18 da D-28 girmansu ɗaya, fuskarsu itace iri ɗaya. Babban bambancin yana baya da gefe: ta farko mahogani, ta biyu roswud. Masu kunne sukan ce D-18 muryarta a bushe take, a miƙe, kowace tsirkiya ana jin ta daban, ita kuwa D-28 tana da kauri da amsa-kuwwa, sautinta kan daɗe bai mutu ba. Mai waƙa shi kaɗai zai iya fifita wannan, mai kiɗa cikin ayari ya fifita waccan, kuma babu wanda ya yi kuskure. Ka ga Torres ya yi gaskiya, amma bai ƙure zance ba, baya da gefe ma suna da ta cewa. Sai ga J-45 ta kamfanin Gibson, wadda ta fito a 1942 a kan dala 45. Tsawon tsirkiyarta wajen santimita 63 ne, na Martin kuwa 64 da rabi. Wannan ɗan bambanci da bai kai faɗin yatsa ba yana sa tsirkiya ta yi sako-sako, ta fi sauƙin dannawa, muryar kuma ta yi taushi. Ƙananan jitoci masu siririn ƙugu su ma suna da ranarsu. Ba su da ƙara, amma sun fi saurin amsa ɗan taɓi, sun fi daɗin runguma ga mai zama a tabarma.

Wani abin da ba kowa ya sani ba, wasu daga cikin itatuwan jita ba baƙi ba ne a wurinmu. Mahoganin Afirka da ake jita da shi ɗan'uwan maɗaci ne. Itacen sapele, wanda kamfanonin jita na Martin da Taylor ke amfani da shi, sunan garin Sapele na jihar Delta ya ci. Baƙin katakon eboni da ake shimfiɗawa inda yatsu ke dannawa dangin kanya ne, kuma da yawansa daga dazukan Kamaru yake fitowa. A 2011 kamfanin Taylor da wani kamfanin Sifen mai suna Madinter suka sayi masana'antar yankan eboni ta Crelicam da ke Yawunde. Bob Taylor na kamfanin Taylor ya ba da labarin abin da ya tarar: masu saran itace kan kayar da bishiya wajen goma kafin su sami ɗaya baƙa ƙirin, sauran masu ratsin fari a bar su su ruɓe a daji. Daga nan ya fara sa mai ratsi a jitocinsa masu tsada. Shi kuwa roswud na Barazil, wanda tsofaffin jitocin Martin suka yi suna da shi kafin kamfanin ya koma na Indiya wajen 1969, an sa shi cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta CITES ta fi tsananta wa kariya tun 1992. Mai irin wannan jita ba ya ƙetare iyaka da ita sai da takardu.

To yaya ake gwada biyu a gane wadda ta fi? A nan mutane da yawa ke yaudarar kansu. Sabuwar tsirkiya a jita mai araha takan doke tsohuwar tsirkiya a mai tsada, don haka sai an ɗaura musu iri ɗaya, rana ɗaya. A kaɗa su a ɗaki ɗaya, da kiɗa ɗaya. Sannan mai jita ya miƙa wa wani ya kaɗa, shi ya koma gaba ya juya baya, domin abin da mai kiɗa ke ji daga sama daban yake da abin da ke isa kunnen mai sauraro. Muddin ido na ganin sunan da ke rubuce a kan jitar, kunne ba zai yi adalci ba. A kuma duba tazarar tsirkiya da wuya. Jita da yawa da aka yanke wa hukuncin rashin kyau, saiti kawai suke buƙata a hannun wanda ya iya.

Farashi kuwa labarinsa daban. A 2020 an sayar da Martin D-18E ta mawaƙi Kurt Cobain a kan dala miliyan shida, alhali ƙirar ba ta yi kasuwa ba lokacin da ta fito, 'yan ɗaruruwa kawai aka yi aka daina. Tarihin mai ita aka saya. A ɗaya gefen ga mawaƙi Willie Nelson, wanda tun 1969 yake riƙe da jita ɗaya, Martin N-20 da ya sa wa suna Trigger, har kiɗa ya huda mata rami a fuska, bai kuma sauya ta ba.

Ga wanda ke zaune a Kano, Sakkwato ko Damagaram, babban abokin gabar jita shi ne hunturu. Masu ƙera jita suna so danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, mu kuwa a tsakiyar hunturu yakan faɗi ƙasa da 20. Yadda leɓe da dunduniya ke tsagewa, haka allon fuska ke yi, tun da kaurinsa bai wuce milimita uku ba. Alamar farko, bakin ƙarafan wuya ya fara cizon yatsa, fuska ta lotsa, tsirkiya ta fara zuza. Maganin ba tsada: a mayar da jita akwatinta, a sa soson da aka jiƙa aka matse cikin gwangwanin roba mai huji-huji, a riƙa duba shi. Da damina kuma a cire shi, don a lokacin kumburi ne matsalar. Kada a bar ta cikin mota a rana, gam ɗin zai saki.

Abin dariya, wadda aka raina ita ta fi jure wannan yanayi. Jita mai falle-falle, irin masu sauƙin kuɗi na kamfanin Yamaha, wanda ya fara fitar da jerin FG a Japan a 1966, ba ta cika tsagewa ba, domin kowane falle yana riƙe ɗan'uwansa. Daga Nuwamba zuwa Maris ita ake jinginewa a bango, ita ake ɗauka zuwa hira, ita ake bai wa ƙane ya koya. Manyan suna kulle a akwati da sosonsu, sai ruwan farko ya sauka.