Bayan Santsi Ya Kwashe Mutum: Abin Da Ya Kamata A Yi

A mafi yawan gidajenmu, idan santsi ya kwashe mutum, abu biyu ke faruwa kusan lokaci guda. Jama'a su rugo su cicciɓe shi suna ta sannu, shi kuma ya yi maza ya ce babu komai, domin kunyar an ga faɗuwarsa ta fi masa zafin jikin. Daga nan sai a dafa ruwa a gasa wurin, a shafa man zafi, a ce kafin safe zai sake. Wani lokaci ya sake ɗin. Wani lokaci kuwa daga wannan daren gurguntaka take somawa, ko ma ajali.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 684,000 ke rasuwa duk shekara sanadiyyar faɗuwa. In aka ɗebe haɗarin hanya, babu wani tsautsayi da ya kai ta kisa. Sama da kashi 80 cikin 100 na waɗannan mace-mace a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi suke aukuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 abin ya fi ci. Mu ma mun san wuraren: tayil mai sheƙi da ya maye gurbin daɓe da siminti a banɗakunanmu, wurin alwala da gansakuka ta kama, bakin kwata da damina, da tsakar gidan da dattijo zai ratsa da asuba babu wuta. Yawancin ɓarnar kuwa ba a lokacin faɗuwar take kammala ba. Abin da aka yi, ko aka ƙi yi, a awoyi da kwanakin da suka biyo baya shi ke yanke hukunci.

A bar shi a ƙasa tukuna

Taimako na farko shi ne a dakata. A durƙusa kusa da shi, a kira sunansa, a tambaye shi inda yake jin ciwo, a ce ya motsa yatsun hannu da na ƙafa. In ya koka da wuya ko gadon baya, ko ya ce ƙafafunsa sun yi sanyi ko ba ya jin su, to kada a zaunar da shi, kada a miƙar da shi. Ƙashin bayan da ya tsage yana iya gocewa wajen ɗagawa ya danne laka, mutumin da zai warke ya koma kwance har ƙarshen rayuwarsa. Irin wannan majinyaci, mutum huɗu ko biyar ke ɗaukarsa tare, ɗaya ya riƙe kai da wuya sak, a ɗora shi kan katako ko ƙyaure, a kai shi a kwance. Naɗe shi a cusa a adaidaita sahu ƙarin rauni ne. Inda akwai hali a kira lambar gaggawa ta 112. In jini na zuba, a danne da tsabtataccen ƙyalle. In fata ta yage, a tambayi ma'aikacin lafiya batun allurar tetanus. A kuma sani cewa a Najeriya Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa.

Kan da ya bugu

Duk wanda kansa ya bugu sannan ya suma, ko da na ɗan lokaci ne, ko ya yi ta amai, ko ya ruɗe, ko barci ya yi masa nauyin da ba a saba ba, ko jini ko wani ruwa ya fito ta kunne ko hanci, asibiti za a nufa da shi nan take. Amma akwai haɗarin da ya fi wannan ɓuya. Yayin da mutum ya manyanta, ƙwaƙwalwa kan ɗan motse, ƙananan jijiyoyin jinin da suka haɗa ta da rufinta su miƙe su yi rauni. Ƙaramin bugu yana iya tsinka ɗaya, jini ya riƙa taruwa a hankali. Sai bayan mako uku ko shida a ga Baba ya soma mantuwa, yana jan ƙafa, yana magana ba kan gado. Iyali su ce tsufa ne, wasu su ce iska, alhali kowa ya manta da faɗuwar banɗakin nan. Hoton kai na CT yana nuna wannan jini, kuma sau da yawa likita na iya huda ƙoƙon kai ya zuƙe shi, mutum ya dawo hayyacinsa. Masu shan maganin tsinka jini irin su aspirin da warfarin sun fi kowa shiga wannan haɗari, don haka a gaya wa likita duk maganin da majinyaci ke sha.

Ƙugun tsofaffi da wuyan hannu

In tsohuwa ta faɗi ta kasa tashi, a dubi ƙafafunta tana kwance rigingine. Idan ɗaya ta fi ɗaya gajarta, tafin ƙafar kuma ya kwanta ya kalli waje, ga ciwo a matsematsi, to kusan tabbas kan ƙashin cinya ya karye. Wannan karaya tana can ƙarƙashin tsoka mai kauri, inda karan ɗori ba ya kaiwa. Likitocin ƙashi sun fi son a yi aiki cikin kwana ɗaya zuwa biyu, domin abin da ya fi kashe tsoho doguwar kwanciya ce: gyambon baya, ciwon huhu, da daskarewar jini a ƙafa. Cewa "ta tsufa da tiyata, a bar ta ta huta" tausayi ne da ke jawo abin da ake gudu.

Masu sauran ƙarfi kuwa hannu suke kai wa ƙasa. Akwai wani ɗan ƙashi a wuyan hannu, daidai gindin babban yatsa, da kan tsage ba tare da hoton farko ya nuna ba. Jini ba ya isarsa sosai, saboda haka in an yi sakaci ba ya haɗewa. Wanda ciwon wurin ya ƙi tafiya ya koma a sake hoto bayan kamar kwana goma zuwa mako biyu, kada ya tsaya a kan cewa targaɗe ne. Targaɗen gaskiya kuma ba gashi yake so ba a kwana biyun farko, domin zafi da murza suna ƙara kumburi. A naɗe ƙanƙara a tawul a ɗora minti 15 zuwa 20, a ɗaga gaɓar sama, a hutar da ita.

Batun masu ɗori

Masu ɗori sun daɗe suna yi wa al'umma hidima, suna kusa, suna da sauƙin kuɗi, kuma jama'a sun amince da su. Sai dai hannu ba ya ganin abin da hoto ke gani. Ɗaurin da ya matse gaɓar da ke kumbura yana toshe hanyar jini, cikin awoyi kaɗan tsoka ta soma mutuwa. Ta haka yara da yawa suka rasa hannu a kan karayar da ba ta kai ta kawo ba. Ko ɗorin gida ne ko na asibiti, a riƙa duba yatsu. A danna farce har ya yi fari, a saki. Ya kamata jan ya dawo cikin daƙiƙa biyu. In yatsun sun yi sanyi, sun yi duhu, ko ciwon na ƙaruwa har yaro ya hana kowa barci, a sassauta ɗaurin a tafi asibiti a daren. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda ke aiki tun 1959, da asibitocin koyarwa na jami'o'inmu, domin irin wannan aka kafa su. Hoto tukuna, sannan shawara.

Haƙƙin wanda ya faɗi

Mun yi imani da ƙaddara, amma ƙaddara ba ta wanke mai sakaci. Mai shago ko otal da ya bar ruwa kwance a ƙasa ba gargaɗi, ko mai ginin da ya bar matattakala a karye, yana da alhaki a shari'a. Wanda ya faɗi a irin wannan wuri, ko ɗan rakiyarsa, ya ɗauki hoton wurin da waya kafin a goge, ya karɓi lambar waɗanda suka gani, ya sanar da mai wurin a ranar. Ya adana katin asibiti, hotunan ƙashi da kowane rasit. Kada ya sa hannu a takardar yafiya kafin likita ya faɗi girman raunin.

In a bakin aiki abin ya faru, Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010 ta tanadi kuɗin magani da diyya ta hannun hukumar NSITF, daga asusun da masu ɗaukar aiki ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi. Ma'aikaci ya sanar da wurin aikinsa cikin kwana 14, a kuma shigar da buƙata cikin shekara guda. Ƙara a kotu ma tana da wa'adi, don haka a nemi lauya da wuri. Marar hali ya tuntuɓi Hukumar Ba da Tallafin Shari'a. Yafiya alheri ce, amma ta fi kyau daga wanda ya san abin da yake yafewa.

Saura tambayar da ake yawan tsallakewa: me ya kayar da shi? Wani santsi ne kawai, wani kuwa jiri ne daga maganin hawan jini, ko faɗuwar sikari, ko yanar ido. Wanda ya faɗi sau ɗaya ya fi kusa da sake faɗuwa, saboda haka a sa likita ya bincika. A gida kuma a kafa ƙarfen dafawa a banɗaki, a shimfiɗa tabarmar roba, a kankare gansakuka, a ajiye fitila kusa da shimfiɗar tsofaffi. Kwamitocin masallatai su dubi wuraren alwalarsu kafin damina ta kankama. Addininmu ya lissafa kawar da abin cutarwa daga hanya cikin sadaka, kuma duk gyaran nan bai kai kuɗin tiyatar ƙugu guda ɗaya ba.