KO KUNNEN KOWA DAIDAI YA KE A SHA'ANIN KIƊA DA WAƘA?

Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a wurin hira, ko a tsakanin malaman makaranta, ko a tsakanin akawuna in an tashi daga ofis. Wani ya ce Narambaɗa ya fi Shata, wani ya ce a'a. In magana ta yi zafi sai wani ya kashe ta da cewa, ai kiɗa abin kunne ne, ra'ayin kowa daidai ya ke da na kowa. To, mu dai muna ganin wannan magana da gaskiya a cikinta, amma rabin gaskiya ce, domin ta haɗa abubuwa uku waɗanda ya kamata a rarrabe.

Na farko shi ne so. A nan lalle ba mai iko da zuciyar wani. Wanda kukuma ta ke sa shi hawaye, ba malamin da zai ce masa ya yi kuskure. Hausawa sun ce kowa da kiwon da ya karɓe shi. Manomi da alkali daidai su ke a wannan fage.

Na biyu shi ne sani, a nan kuwa mutane ba daidai su ke ba. Harshen Hausa yana da hawa da saukar murya, kalangu kuma yana kwaikwayonsu. Makaɗi ya kan matse tsarkiya a hammata sai amo ya hau, ya sassauta sai ya sauka, da haka ya ke faɗin taken mutum ba tare da ya buɗe baki ba. Mutum biyu su na tsaye wuri ɗaya, ɗaya ya ji daɗin amo kawai, ɗaya kuwa ya ji an kira ɗan dambe da takensa. In na farko ya ce kalangun bai ce kome ba, wannan ba ra'ayi ba ne, rashin sani ne.

Haka kuma kowane kayan kiɗa da gidansa a al'adar ƙasar Hausa. Tambari da kakaki na sarakuna ne. Kotso da taushi na makaɗan fada ne. Kalangu an san shi da mahauta da 'yan dambe, dundufa kuwa da maƙera. Wanda bai san wannan ba, ba zai gane abin da ya sa a ke jin nauyin busar kakaki a ƙofar fada ba.

Na uku shi ne hukunci a kan gwaninta, kuma nan ne gardamar ta fi wuya. Ibrahim Narambaɗa makaɗin kotso ne na Sarkin Gobir na Isa. Aikinsa shi ne yabon ubangidansa, da zambo da habaici ga masu ja da shi, cikin Hausar ƙasar Sakkwato mai zurfi. Mamman Shata kuwa, wanda ya rasu a 1999, da kalangu ya yi waƙa, ya wa sarki, ya wa ɗan kasuwa, ya wa direba, har Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Wanda zai auna waɗannan biyu sai ya san abin da kowannensu ya nufa, ya san yadda jagora ke saka ɗiyan waƙa, da yadda 'yan amshi ke karɓa su koma gindinta ba tare da an saɓa wa kiɗa ba. Mutumin da ya ji waƙa biyu ta kowannensu, da wanda ya shekara talatin yana sauraro yana tambaya, ba za mu ɗora maganarsu a ma'auni ɗaya ba. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun ɓata shekaru su na nazarin waɗannan abubuwa, ba kuwa a banza ba.

Amma fa kada masani ya ɗauki kansa sarkin yanka. Ilminsa bai ba shi ikon cewa a so wannan a ƙi wancan ba. Abin da ke kansa shi ne ya kawo dalili, ya ce a saurari nan, a lura da can, har mai sauraro ya ji da kunnensa. In ya kasa nunawa, maganarsa ta koma so kawai irin na kowa. Har wa yau, wanda ya saba da ma'auni guda ya kan makance ga wani. Da za a auna Ɗan Maraya Jos da ma'aunin fada, da an raina shi, domin shi kaɗai ya ke waƙa, ba 'yan amshi, kuntiginsa kuma tsarkiya ɗaya gare shi. Ga shi kuwa waƙoƙinsa a kan talakawa, irin ta Karen Mota, sun ratsa ƙasa, har ya rasu a 2015 ana girmama shi. Jama'a ne su ka fara gane darajarsa. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake, ma'auni kuma haka.

Abin da ya sa mu ka tsaya a kan wannan magana shi ne, in an yarda duk ra'ayi ɗaya ne, to, ba sauran dalilin koyo. Yaro ba zai tambayi tsoho ma'anar take ba, tsoho kuma zai tafi kabari da saninsa. Manyan makaɗan nan sun shuɗe, Musa Ɗanƙwairo ma ya rasu tun 1991, masu fassara maganganunsu kuwa kullum raguwa su ke.

Saboda haka muna roƙon malaman makaranta, in yaro ya ce yana son wata waƙa, kada a kushe masa, amma a tambaye shi me ya ji a cikinta. In akwai tsohon makaɗi a gari, a gayyato shi ya buga wa yara take ya fassara musu. Mu kuma manya, in mun ce wane ya fi wane, mu riƙa kawo dalili, in ba mu da shi mu ce so ne kawai. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya sa mu gane.