Gubar da Ba Ta da Launi a Hayaƙin Mota

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar mota da sassafe, lokacin da direbobi ke ɗumama injuna, ya san yadda hayaƙi ke turnuƙe wuri har ido ya riƙa yaji. Sai dai mafi haɗarin abin da ke fitowa daga salansa ba ya ganuwa, ba kuma a jin warinsa.

Fetur haɗi ne na sinadarai biyu, kabon da haidurojin. Kafin ya ƙone sarai a cikin inji, kowane giram ɗaya na buƙatar kimanin giram 14.7 na iska. Idan haka ta samu, sai a sami tururin ruwa da iskar kabon-dayoksaid, wadda ke cikin masu ɗumama yanayin duniya. Idan kuwa iskar ta gaza, sai ƙonewar ta tsaya a rabi, a sami kabon-monoksaid da ragowar fetur. Bugu da ƙari, tsananin zafin inji kan haɗa naiturojin da oksijin su zama wata iska mai cutar da huhu.

Kabon-monoksaid ita ce mugun iri. A cikin jini akwai sinadarin himogulobin, wanda ke dakon oksijin daga huhu zuwa sassan jiki. Wannan guba tana manne masa fiye da yadda oksijin ke yi sau 200 da ɗoriya, don haka sai ta ƙwace gurbin. Mutum kan fara da ciwon kai da jiri da kasala, daga nan barci ya ɗauke shi, wani lokaci ba ya farkawa.

Dalilin da ya sa ke nan aka shimfiɗa dogon bututu a ƙarƙashin mota, domin ya kwashe hayaƙin ya fitar da shi ta baya, nesa da fasinjoji. A kan hanyar akwai tukunyar salansa mai rage ƙara, kafin ita kuma akwai matatar hayaƙi, wadda ta bazu a motocin Amurka tun 1975. Cikinta tangaran ne mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, an shafe shi da ƙarafa masu tsada: filatinam da faladiyam da rodiyam. Da zarar ta yi zafi, sai ta mai da kabon-monoksaid kabon-dayoksaid, ta ƙone ragowar fetur, ta kuma saki naiturojin.

Babbar abokiyar gabar matatar ita ce dalma, wadda aka gano amfaninta a fetur a 1921, domin tana lulluɓe ƙarafan ta kashe aikinsu. Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe da ta daina sayar wa motoci irin wannan fetur, a 2021. Barazanar da ta rage ita ce ta masu cire matatar su sayar saboda tsadar ƙarafanta, mota ta ci gaba da tafiya tana feso guba ɗanya.

Saboda haka hujin da tsatsa ta yi a bututun salansa ba maganar ƙara ba ce kawai, ƙofa ce da gubar ke bi ta shiga cikin mota. Kada a bar inji yana aiki a rufaffen gareji, kada kuma a kunna janareta a ɗaki ko a soro, domin iskar duk ɗaya ce. Wanda ya ji ciwon kai da jiri kusa da inji, a gaggauta fitar da shi sarari, a kai shi asibiti.