Ƙwacen Abinci Tsakanin Tsuntsaye Masu Farauta da Matsalar Ba Shi Suna a Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kwata da hantsi ya san halin shirwa. Ɗaya za ta sauko ta suri guntun hanji, kafin ta wuce tsayin rumfa sai biyu ko uku su rufa mata baya, suna kai mata hari ta sama da ta ƙasa, har ta saki abin da ke ƙafarta. Sau da yawa naman ba ya kaiwa ƙasa, wata ta cafe shi a iska. Masana halayyar dabbobi suna kiran wannan ɗabi'a kleptoparasitism, kalmar da aka ƙera daga Girkanci, wadda ɓangarenta na farko ke nufin sata. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda abin yake faruwa, sannan a duba kalmar Hausa da ta dace da shi, ganin cewa masu fassara da marubuta littattafan kimiyya suna buƙatar keɓaɓɓiyar kalma guda da za a tsaya a kanta.

2.0 Yadda Abin Yake Faruwa

Farauta aiki ne mai cin ƙarfi, kuma ba kowace sura ce take kamawa ba. Tsuntsun da ya jira wani ya kama, sannan ya karɓe, ya huta da wahalar nema. A nazarin da Brockmann da Barnard suka buga a 1979, sun nuna cewa ɗabi'ar ta fi yawa inda tsuntsaye suka taru da yawa wuri guda, inda abincin yake da girma kuma ana hango shi daga nesa, da inda cinsa yake ɗaukar lokaci. Wanda ya kama fara ya haɗiye nan take ba shi da abin da za a karɓe masa. Wanda ya kama kifi babba kuwa tilas ya tashi da shi, nauyi ya hana shi kaucewa, kowa kuma yana ganinsa. Wannan ne dalilin da ya sa shaho, idan ya sauka da abin da ya kama, yakan baza fikafikansa ya lulluɓe shi tun kafin ya fara figa.

A Afirka, gwanar wannan sana'a ita ce mikiya mai launin ƙasa-ƙasa da ake kira Aquila rapax a kimiyyance, kuma kalma ta biyu a sunan nata ma'anarta mai warwaso ce a Latin. Takan bi gaggafa, wadda ke shawagi ƙasa-ƙasa har takan riga saura ganin mushe, ta kore ta daga kan abin da ta samo. Mikiyar ruwa mai farin kai, wadda ake gani a manyan koguna da tafkuna irin su Kainji, tana iya kamun kifi da kanta sarai, amma duk da haka takan tare zalɓe ko shahon kifi ta tilasta masa sakin nasa. 'Yar'uwarta ta Amurka ma haka take, har Benjamin Franklin, a wasiƙar da ya rubuta wa 'yarsa a 1784, ya nuna rashin jin daɗinsa da aka ɗauke ta alamar ƙasa, saboda a ganinsa ba ta neman abinci ta hanyar gaskiya. Wannan hukunci ne na ɗan'adam, tsuntsu dai ba ruwansa da shi.

Ana iya zaton ƙarfin jiki ne kaɗai jarin mai wannan ɗabi'a. Binciken Morand-Ferron da abokan aikinta na 2007 ya nuna cewa dangogin tsuntsayen da suka fi yin ta su ne masu girman ƙwaƙwalwa idan aka gwada da jikinsu, girman jiki bai bayyana al'amarin ba. Hankaka shaida ne: bai kai shirwa girma ba, amma yakan dame ta har ta yar.

3.0 Matsalar Suna

Fassarar kai-tsaye za ta ba da "sata", amma sata a Hausa a ɓoye ake yin ta, mai kaya ba ya sani sai daga baya. Abin da shirwa take yi wa 'yar'uwarta a sarari yake, ido na ganin ido. "Fashi" ya ƙunshi tare hanya da makami, kuma ya yi nauyi da ma'anar shari'a. "Wawaso" ya dace da taron ungulaye a kan mushe, inda abin bai zama na kowa ba tukuna. "Wafce" da "fizge" suna bayyana saurin hannu ne kawai, ba su nuna cewa abin yana da mai shi ba, shi ya sa ake cewa shirwa ta wafce nama daga faranti. "Ƙwace" ita ce ta haɗa sharuɗɗan nan uku: abin yana hannun wani, an karɓe da ƙarfi, kuma a gabansa. Saboda haka "ƙwacen abinci" ta fi kalmar Turancin kanta daidaito.

Akwai buƙatar a raba wannan da abin da karin maganar nan ta "hankaka mai da ɗan wani naka" take nuni da shi, wato renon ƙwan da wani tsuntsu ya saka a sheƙar da ba tasa ba. Can reno aka ci da yaudara, nan kuwa abinci aka karɓe, kuma kimiyya ta ba kowanne suna daban.

Abin da ya fi wuya shi ne sunayen tsuntsayen kansu. Ƙamusun Bargery na 1934 ya ba da "mikiya" a matsayin wata babbar ungulu ta daji, alhali yau mafi yawan masu magana suna nufin irin tsuntsun da ke saman tambarin Nijeriya. Idan marubuci ya ce mikiya ta ƙwace wa gaggafa, mai karatu ba zai tabbatar da wadda ake nufi ba sai an ƙara siffa, kamar yadda aka yi a sama. Tantance waɗannan sunaye aiki ne na gaggawa, domin tun 2015 aka sanya ungulun gari cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, kuma a garuruwa da yawa ta daina sauka a kwata. Mahauta da maharba da masunta da suka san tsuntsayen nan da ido, suka kuma san sunan kowanne a karin harshensu, yawancinsu dattawa ne, su ya kamata a fara yi wa tambaya.