Ma'aunin Zafin Jiki Na Goshi: Har Ina Za Mu Amince Da Shi?

Da yawa cikinmu mun fara ganin wannan na'ura mai kama da 'yar bindiga a shekarar 2014, lokacin da cutar Ebola ta shigo Legas, sa'an nan kuma a 2020 da Korona ta ɓarke. A ƙofar makaranta, ko majami'a, ko banki, sai a saita ta a goshin mutum, nan take lamba ta fito. To, yaya gaskiyar wannan lamba take?

Bari mu fara da yadda take aiki. Kowane abu mai ɗumi yana fitar da wani irin haske da ido ba ya gani, wanda masanin taurari William Herschel ya gano a Ingila a 1800. Wannan haske ne na'urar take karɓa daga fata, ta lissafa shi ya zama digiri. Ba ta harba kome cikin kai, kamar yadda waɗansu suke tsoro.

Amma mu lura, fata take aunawa, ba cikin jiki ba. Zafin cikin jikin mai lafiya kimanin digiri 37 ne, zazzaɓi kuwa daga 38. Goshi yakan fi ciki sanyi, saboda haka na'urar takan yi ƙari da ƙiyasi. Nan kuskure yake shigowa. Ɗalibin da ya sha rana a hanya, ko ya cire hula yanzun nan, ana iya ce masa yana da zazzaɓi alhali lafiyarsa ƙalau. Abin da ya fi haɗari shi ne akasin haka: gumi da sanyin hunturu suna sanyaya fata, har mai zazzaɓi ya wuce a ce ba kome. Wanda ya sha farasitamol ma haka.

Don haka, mu bar mutum ya ɗan huta a inuwa, ya share gumi. Mu goge ƙura daga idon na'urar, mu riƙe ta daidai nisan da takardarta ta faɗa. In muna shakka, mu sake gwadawa da ma'aunin baki ko na hammata.

Wannan na'ura mai gadin ƙofa ce, ba likita ba. Idan ɗan'uwanmu yana rawar sanyi da ciwon kai, kada mu ce ai na'ura ta wanke shi. Mu kai shi asibiti a gwada jininsa, gama zazzaɓin cizon sauro ba ya jira.